Muryar Baffa Hammadu a Kwandon Shara

Rano,
Litinin.

Zuwa ga taubashina Malam Ishiyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Rahma da yara. Yaya gwiwar Kawu? Ka gaishe mini da shi, ka ce ina nan tafe. Mu nan lafiya lau muke, in aka cire abin da ka jawo mana.

Na san za ka yi dariya in ka ga takardar nan. Malaman kwamfuta biyu, ɗaya a Rano ɗaya a Kibiya, suna aika wa juna wasiƙa ta hannun Amiru direba, tana tafiya a kan buhunan albasa. Ba ni na zaɓa ba. Ka toshe lambata, kira ba ya shiga, saƙo ba ya zuwa, shi ne na koma ga biro, wanda har yanzu ba ka gano yadda ake toshe shi ba.

Tunda na ji kana ba da labarin a majalisa ta fuskar da ta yi maka daɗi, bari in tuna maka yadda ya faru. A farkon shekarar karatun nan muka yarda mu koya wa ɗalibanmu yin aiki tare a rumbun ajiya na intanet. Folda ɗaya, makarantu biyu, yaran Rano su rubuta, na Kibiya su gani nan take su gyara. Muka tura su wurin tsofaffi su tattaro abin da aka sani game da tsohon irin dawa da gero kafin irin kanti ya shafe shi. Da lambarka muka buɗe rumbun, domin a makon wayata ta faɗa cikin randa. Randar na yafe mata.

Sai abin da babu littafin kwamfuta da ya hango ya same mu. Yaranmu ba sa fara rubutu sai da Bisimilla, haka aka rene su, haka aka rene mu. Kuma kunya ba ta barin yaro ya taɓa rubutun wani, sai dai ya kwafi nasa daban, ya cika shi da hotunan gona da zangarniya. Kafin a ce mene ne wannan, rumbun ya fara kukan cika. Na ce su jefa tsofaffin kwafin a kwandon shara. Can sai wani daga baya ya ce, Malam, sunan Allah a shara? Na yi bayani har maƙogwarona ya bushe cewa hoton kwando ne kawai, babu ƙasa a ciki, babu ɓawon rake. Suka ce to, Malam. Babu wanda ya jefa ko ɗaya. Naka ma haka suka yi, sai dai su sun dace da malami da ya ce suna da gaskiya, kwando kwando ne.

Daga nan hikimarka ta motsa. Ka duba abin da ya fi girma a foldar kuma ba rubutu ba ne, ka ce murya ai iska ce, ka jefa ta. Abin da ka jefa doguwar hira ce da ɗalibata Bara'atu ta Lausu ta ɗauka da kakanta Baffa Hammadu. Tsohon nan ya rasu bayan hirar ba da daɗewa ba. Babu wata muryarsa a ko'ina a duniya. Wadda ke wayar yayanta ta goge, domin wayar ta cika, kuma domin ni malaminta na tsaya a gaban allo na ce abin da ya shiga rumbu ya tsira, wuta ba ta cinsa, gara ba ta cinsa. Ban san ya kamata in ƙara da taubashi ba.

I, na rubuta da jan rubutu a saman shafin da kowa ke gani cewa wane jahili ne ya goge muryar Baffa Hammadu. Ban sa sunan kowa ba. In yaranka sun waiwayo sun dube ka, su za ka tambaya. Kai kuwa ka canza kalmar sirri, ka kore ni da duk ɗaliban Rano daga foldar da muka gina tare.

Ga abin da nake so. Ka buɗe kwandon, ka danna inda aka rubuta a maido. Ba ya riƙe abu fiye da wata guda, kuma watan ya yi nisa. Sannan don ƙarin ilimi kyauta, abin da ke cikin kwando yana nan yana cin wuri har sai an zazzage shi. Wato ka yi ɓarnar a banza, ko wurin da ka nema ba ka samu ba.

Ka huta lafiya. Naka,
Sadisu.

Rano,
Alhamis.

Ishiyaku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka domin an hore mu da gaisuwa. Ina fata Rahma da yara suna lafiya, Allah ya ƙara wa Rahma haƙuri, tana buƙata.

Amiru ya kawo amsarka da baki, tunda ka ce ba ka da takardar ɓatawa. A tasha ya same ni, gaban mai shayi, ya isar da ita da ƙarfi kamar mai shelar ɓatan akuya. Ya ce ka ce ka gode da darasi, da ba ka san kwando yana cin wuri ba, don haka ranar Talata za ka zazzage shi a gaban ɗalibanka su ga yadda ake yi a aikace. Sai fa idan na zo Kibiya na tsaya gaban ajinka na ce ni ne jahilin. Masu shan shayi sun ji daɗi ƙwarai, ɗaya har ya ƙware.

Na zauna a kan benci ina tuna cewa ni da hannuna na rubuta maka wannan ilimi. Tun muna firamare nake ƙoƙarin sa wani abu a kanka, lissafi ya ƙi, turanci ya ƙi, sai wannan ne ya shiga a karatu ɗaya.

Na karanta labarin mayaƙan da suka zuba littattafan Bagadaza a kogi har ruwa ya yi baƙi da tawada. Su aƙalla sun yi tafiya mai nisa, sun yi gumi, sun ɗauki kaya. Kai da ɗan yatsa guda za ka yi naka, kana kishingiɗe, ɗaya hannun yana cikin kwanon gyaɗa. Kuma ba littafin da ke da kwafi a wani gari za ka zubar ba. Tsoho ne ɗaya da ya san wace kaura ce ke jure ƙarancin ruwa, wace farafara ce tsuntsu ba ya so, ya faɗa sau ɗaya ya tafi.

Bari in gaya maka abin da ke faruwa a ajina, ko da yake na san zai yi maka daɗi. Bara'atu ba ta yi kuka a gabana ba, ba ta kuma tambaye ni komai ba. Da ma ta tambaya. Tana zuwa ɗakin kwamfuta ta zauna, ta naɗe hannuwanta cikin hijabi, ta zuba wa allo ido. Na buɗe sabuwar folda da lambata, na ce kowa ya ɗora aikinsa. Ta ɗaga hannu cikin ladabi ta ce ita a littafi za ta rubuta nata, gobe ta kawo mini. Ƙawayenta biyu suka ce su ma. Yau rabin ajin da littattafai suka zo. Yarinyar nan ita ce ta fara gane yadda ake raba fayil, ita ke zagayawa tana nuna wa sauran. Yanzu duk abin da na faɗa sai su dube ta kafin su dube ni, kuma ban ga laifinsu ba.

Zancen in zo Kibiya in kira kaina jahili, ka cire shi daga ranka. Tambaya na yi, kai ka amsa. Tun muna yara haka kake. Ranar da ka saki tunkiyar Kawu ta shiga gonar rogon mutane, kwana ka yi kana rantsuwa igiyar ce ta kwance kanta, har aka doke mu tare don a tabbata an samu mai laifin. Wasan taubasai na san shi, na kuma iya shi fiye da kai. Ka kira ni duk sunan da ka ga dama a gidan biki, zan rama, a yi dariya a tashi. Wannan kuwa kayan marayu ka riƙe kana ciniki da shi, kuma kayan ba nawa ba ne balle ka ce da ni kake.

Ban gaya wa tsohuwata, Gwaggonka, ba tukuna. Ka san in ta ji, da kanta za ta hau motar Amiru, kuma ita ba ta buƙatar kalmar sirri kafin ta shiga gidanka. Ina tausaya wa ƙafafunta ne kawai.

Kada ka taɓa kwandon nan, Ishiyaku. In ba za ka maido ba, ka bar shi yadda yake. Ban taɓa roƙonka komai ba, yanzu ma ba roƙo nake ba, gaya maka nake.

Wassalam.
Sadisu.

Rano,
Lahadi.

Zuwa ga Malam Ishiyaku, mai shirin darasin Talata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri. Yaya gida, yaya ɗalibai, yaya shirye-shirye? Ina fata ka yi wa babbar rigarka guga, domin ranar Talata ranar tarihi ce.

Shiru ka yi wa wasiƙata ta biyu, na kuma fahimci shirun. Jiya na hau babur na tafi Lausu yi wa mutanen gidan Baffa Hammadu ta'aziyya, wadda ya kamata in yi tun tuni. Yayan Bara'atu ya yi mini iso har tsakar gida, wurin Iya Kulu, matar marigayin. Tsohuwa ce ƙarama, idonta ya yi rauni, amma kunnenta ya fi naka. A saman murhunta akwai zangarniyar iri a rataye, hayaƙi ya yi musu baƙi, kowace an ɗaure ta da tsumma mai launi daban. Baffa ne ya rataya su da hannunsa bara.

Muka gaisa, na yi addu'a, aka kawo fura. Ban kai ludayi baki ba ta ce, Malam, ka zo da shi? Ashe Bara'atu ta daɗe da gaya mata cewa maganar Baffa tana ajiye a wani wuri da wuta da gara ba sa kaiwa, duk ranar da ta so za ta ji shi. Kalmomina ne, ko harafi ba ta canza ba. Tsohuwar tana jira ne ta fita takaba hankalinta ya kwanta, yanzu ta shirya. Bara'atu tana tsaye a bakin madafa, ba ta gaya mata abin da ya faru ba, ta bar mini.

Na ciro wayata na duba, sabis cike, na ce Iya yau babu sabis a Lausu. Ta ce ai haka yake yi, wani lokaci sai an hau tudun bayan masallaci. Ta ce babu komai, in dawo. Ni da nake koya wa yara cewa na'ura ba ta ƙarya, sai ga ni na ɗora mata tawa.

Ba zan ɓoye maka ba, a wannan zaman na yanke shawarar zuwa Kibiya gobe. Na ce in jahili kake so, zan tsaya gaban yaranka in faɗa, in ka so in rubuta a allo da manyan baƙaƙe. Har na fara tsara yadda zan faɗe shi ya fito kamar da kai nake.

Sai Iya Kulu ta shiga ba ni labarin ranar da aka ɗauki hirar. Ta ce Malam, haka take kiransa, wanka ya yi ya sa hula kamar wayar tana ganinsa. Ta ce mutum ne da ko ƙofar akurki zai buɗe sai ya yi Bisimilla. Da yarinyar ta ajiye wayar a gabansa ya yi Bisimilla, ya yi salati, sannan ya tsaya ya tambaya ko abin ya ji. Aka ce ya ji. Bai yarda ba, ya matso da bakinsa ya sake yi da ƙarfi. Da ya gama kuma ya yi doguwar addu'a, ya roƙa wa damina albarka, ya roƙa wa jikokinsa, har da malaman da suka turo a tambaye shi. Da ni da kai ke nan, Allah ya sa bai san mu ba.

To, Malam Ishiyaku. Ni ba malamin fiƙihu ba ne, ban ce komai a kan hukunci ba. Ni ne ma wanda ya ce hoton kwando ne kawai, kuka yi mini kallon wanda boko ya lalata. Kai ne ka tsaya gaban ɗalibanka ka ce kwando kwando ne, sunan Allah ba ya shiga cikinsa. Ka tsallake takardun yara don Bisimilla ɗaya ɗaya da ke kansu, ka ɗauki abin da ke da biyu, da salati, da addu'ar tsoho mai furfura, ka jefa. Makonni ke nan suna kwance a sharar taka. Ranar Talata kuma za ka tara yara su kalle ka kana zazzage su inda ba a dawowa.

Ka yi darasinka, ban hana ka ba. Amma ka fara gaya musu abin da ke ciki. In ka ce ba ka da lokacin karanta takarda, na karanta wa Amiru ita tun daga sama har ƙasa, na kuma ba shi izini ya isar da ita da baki a tashar Kibiya, da irin muryar da ya isar mini da taka. Ya ce ba sai na biya shi ba.

Na fasa zuwa gobe. Takalmin da na goge zan sa shi zuwa makaranta.

Ka gaida Rahma. Naka har kullum, tunda ba a canza dangi,
Sadisu.

Rano,
Asabar.

Taubashi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya da iyali baki ɗaya. An ce gwiwar Kawu ta yi sauƙi har ya je masallacin Juma'a da ƙafarsa, alhamdu lillahi.

Ranar Litinin da hantsi ina tsakiyar darasi wayoyin yara suka fara ƙara, an maido su cikin foldar. Muryar Baffa Hammadu tana nan a inda take, ko tari ɗaya bai ɓace ba. Amiru ya ce bai ma kai ga buɗe baki a tasha ba, a tsaye ka karanta takardar, ka nufi makaranta ka bar takalmi ɗaya a bakin shago. Wannan na san ƙari ne irin nasa, amma na karɓa.

Na kuma ji ka gaya wa ɗalibanka cewa tun farko dabara ce, so kake ka koya musu yadda ake maido abin da aka jefa. Madalla. Igiyar tunkiya ta sake kwance kanta.

Na ga sauran aikinka ma. Duk yaran Rano ka ba su izinin rubutu da gyara, ni kaɗai ka ba ni izinin kallo. Jan rubutun nan nawa kuma ka bar shi a saman shafi, da sunana a gefensa, ba ni da ikon goge shi, kuma shi ne abu na farko da jami'in ilimi zai gani ranar da ya zo duba aikin. Na yarda wannan ka iya. Ban san wa ya koya maka ba, domin ni ban kai nan a darasi ba.

Tunda kallo aka bar mini, kallo nake yi, kuma ina ganin abin da ni da kai muka kasa. Yaranka da nawa sun daidaita a tsakaninsu, ba su nemi shawarar kowa ba. Shafi ɗaya, Bisimilla ɗaya a sama, kowa ya rubuta a ƙarƙashinta. Tsofaffin kwafin kuwa buɗe su suke yi, su share layin farko kamar mai wanke allo, sannan su jefa sauran. Ban san fatawar wa suka bi ba, ban kuma tambaya ba. Jiya na ga wani yaronka ya gyara wa yarona sunan wata dawa a cikin rubutunsa, nawa ya mayar, naka ya sake gyarawa. Aiki tare ke nan irin na danginmu.

Ranar Alhamis bayan la'asar na koma Lausu. Wannan karon na sauke hirar a wayata tun daga gida, don kada sabis ya rama ƙaryar da na yi masa. Aka shimfiɗa tabarma, matan gidan suka taru, na miƙa wa Bara'atu wayar na ce ita za ta danna. Da tsohon ya yi Bisimilla ta farko Iya Kulu ta ja mayafi ta rufe fuska. Da ya tambaya ko abin ya ji, ta amsa daga cikin mayafin ta ce ya ji, Malam, ya ji. Ni dai sai na sami kaina ina ƙirga zangarniyar da ke saman murhu.

Haka aka yi ta saurare ana sharar hawaye, har ya kai inda yake cewa a shekarar fari shi ya ɓoye irin kaurar gidan a cikin tulu, shi ya sa ba ta ɓace ba. Sai tsohuwa ta yaye mayafi. Ta ce, ji shi! Allah ya jiƙanka da rahama, amma ba haka aka yi ba. Ni na ɓoye ta a ƙarƙashin gado, kai cewa ka yi a daka a yi kunu! Gidan ya ɗauki dariya, masu kuka suna yi suna dariya. Ta ce a tsayar da shi, ita ma a ɗauki tata, kada 'yan Kibiya su tafi da rabin labari.

Bara'atu ta karɓi wayar yayanta ta ɗauka. Da aka gama, ban ce mata komai ba, na ga ta buɗe foldar ta ɗora da kanta. Sannan ta dube ni ta ce ta wayar ba za ta goge ba. Na ce kada ta goge, ta kuma tura wa wani ya ajiye. Darasin da ya kamata in fara da shi ke nan tun ranar farko.

Ga abin da ke cikin ƙullin da Amiru zai ba ka. Iya Kulu ta tambayi inda maganar Malam ta zauna duk wannan lokaci. Na ce a hannun wani malami a Kibiya. Ban faɗi a wane irin mazubi ba. Ta sa aka sauko da zangarniya ɗaya ta kaurar nan, ta ce a kai wa malamin da ya adana mata shi, ta gode, Allah ya yi masa albarka. Bara'atu ta dube ni, na dubi ƙasa, muka bar ka da albarkar. Ka shuka ta a gonar Kawu in damina ta sauka. Kada ka ga ba rubutu ba ce ka jefar.

Wannan godiyar Iya Kulu ce, na isar da ita cif yadda aka ba ni. Tawa kuwa da na rubuta maka, amma kai ka ce kallo kawai aka yarda in yi.

Ka buɗe lambata, biro ya fara ƙarewa. A gaida Rahma da yara.

Taubashinka,
Sadisu.